Audugar Da Ba Ta Kaɗuwa

A teburin mai shayi na bakin tasha Baba Direba ya tsinci labarin, kuma ba ma da shi ake hirar ba. Wani matuƙin tifa ne ke ba abokinsa labarin aikin da suka samu. Wai wani kamfani ya karɓi dutsen nan mai kama da sirdi da ke bayan tsohuwar gada, an kafa injin niƙa a gindinsa, ana fasawa ana kwasar tsakuwa.

"Wata biyu ke nan," in ji mai tifar, yana tsoma burodi a kofi. "Gaban duk ya tafi. Kafin damina ko tudun da akuya za ta hau ba za ka samu ba."

Baba Direba ya ajiye kofinsa. "Ɗana, wane dutse ka ce?"

Mai tifar ya maimaita masa. Tsohon ya zuba wa shayinsa ido, har mai shayi ya lura.

"Baba, ko a can ka binne dukiyarka ne ba mu sani ba?"

Aka yi dariya, shi ma ya taya su kaɗan. Amma bai ƙarasa shayin ba.

Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙi a cibiyar binciken tsirrai, kuma ashirin daga cikinsu mutum ɗaya ya ja. Dakta ake ce mata, wata gajeriyar mace mai saurin tafiya da saurin fushi, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen neman audugar daji. Ba irin wadda ake nomawa ba, wadda ke fitowa da kanta a tsagin duwatsu da bakin kwazazzabai, ba mai shuka ta, ba mai yi mata noma. Sun yi yawo har ya daina ƙirga tayoyin da suka kashe. Ita tana gefensa da taswira a cinya, bayan motar cike da tsofaffin jaridu da ake danne ganye a ciki.

Audugar dutsen sirdi kuwa shi ya gano ta. Ranar motar ce ta yi zafi, ya buɗe mata baki ta sha iska, ya haura dutsen don ya kama ruwa. Da ya sauko ya ce, "Dakta, akwai wata auduga can sama da ta ƙi girma." Ba ta ko tsaya ɗaure takalmi ba. Ya same ta durƙushe gaban wani ɗan tsiro da bai wuce ƙugun mutum ba, ganyensa ƙanana masu gashi, furensa rawaya da ɗigon ja a can ciki. Ƙululunsa, wato kwanson da audugar ke ciki, bai fi kan babban yatsa ba. Audugar kanta gajera ce, ruwan ƙasa, ta manne wa angurya kamar gashin ɓera.

"Wannan ko lagwanin fitila ba za ta yi ba," ya ce mata.

"Malam, yi mata ladabi, kakar duk audugar da ke jikinka ce," in ji ta. "Fari bai kashe ta ba, tsutsa ba ta iya da ita. Wata rana ta gona za ta kamu da ciwon da maganinsa ke jikin wannan."

Suka ƙirga tushe arba'in da ɗaya a ranar. Daga nan kowace shekara sai sun koma, kuma a duk yawonsu ba su sake ganin irinta a wani wuri ba.

Yanzu shekararsa tara da barin aiki. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarsu ɗaya tilo da ta rayu, Auta, tana aure a wani gari mai nisan yini guda a mota. Ɗaki biyu gare shi, amma ɗaya yake amfani da shi. Ɗayan yana nan yadda marigayiya ta bar shi, da keken ɗinkinta lulluɓe da zane. Idan ya dawo daga wurin mai shayi sai ya kunna rediyo, ba don yana sauraro ba, don dai gidan ya yi kamar da mutum.

Washegari ya sa rigarsa mai kyau ya nufi cibiyar. Maigadin sabo ne, bai san shi ba, ya miƙo masa littafi ya ce ya rubuta wurin wanda ya zo. Baba Direba ya riƙe biro yana tunani. Duk wanda ya tuna, ko ya yi ritaya ko ya riga mu gidan gaskiya. Bishiyar mangwaron da direbobi ke zama a ƙarƙashinta an sare ta, an yi rumfar ajiye motoci a wurin. Daga ƙarshe ya ce, "Wurin mai ajiyar iri na zo." Aka tura shi ofis uku kafin ya same ta.

Matashiya ce mai tabarau, teburinta cike da ƙananan ambulan. Ta ba shi kujera, ta saurare shi da kunne ɗaya tana rubutu. Sai da ya ambaci Dakta sannan ta ɗago.

"Baba, kai ka san ta?"

"Ni na ja ta shekara ashirin, 'yata."

Ta taɓa kwamfuta, ta tashi ta shiga ɗakin sanyi, ta fito da ambulan guda da wani tsohon littafi mai baƙin bango. Da ganin rubutun ya gane na Dakta ne, ƙanana a karkace, kamar masu gudu.

"Irin yana nan," ta ce. "Amma ba zan ɓoye maka ba. Kafin in zo, injin sanyin ya taɓa mutuwa wata biyu a tsakiyar zafi. Bara na gwada wannan, ko ɗaya bai tsiro ba. Na so in je in ɗebo sabo, sai dai ban san inda zan nufa ba. Duba abin da ta rubuta."

Ta buɗe shafin ta karanta masa: "Bayan tsohuwar gada, gefen da rana ke faɗuwa. Direba ya san wurin."

Baba Direba ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa a gwiwa. Bai taɓa sanin yana cikin littafin ba.

"To ai ga direban," ya ce. "Ki sa a ba mu mota."

Ta yi ajiyar zuciya. Sai an rubuta takarda, takardar ta hau sama, ta sauko. Mota ɗaya ce mai lafiya, ita ma tana wani aiki. In an yi sa'a, nan da mako shida.

"Mako shida kuma? Ai kafin nan audugar tana ƙarƙashin kwalta."

"Na sani, Baba. Wallahi na sani."

Ya roƙi ambulan guda biyar marasa komai, ta ba shi ba ta tambayi dalili ba.

Da yamma Auta ta kira, kamar yadda take yi kowane ƙarshen mako. Ya faɗa mata. Yana jin kukan ƙaramin ɗanta da ƙarar tukunya a bayanta.

"Baba, da wannan gwiwar taka? Don Allah ka rufa mana asiri. In ka faɗi a kan dutse wa zai sani? Ciyawa ce fa."

"Auduga ce."

"To auduga. Su masu aikin su je mana. Ka yi mini alkawari."

"To, Auta," ya ce. Bai ce ya yi alkawarin ba, ita kuma yaron ya ja hankalinta, suka yi sallama.

Da sassafe ya hau motar haya. Awa uku ana tafiya, kuma duk tsawon hanyar ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu, don yaron da ke tuƙin gudu yake kamar an biyo shi. Aka sauke shi a sabuwar gada. Tsohuwar tana can gefe, ta karye a tsaka. Daga nan ya bi sawun tifofi da sandarsa, kowace mota ta wuce sai ta bule shi da farar ƙura.

Bai gane dutsen ba. Sirdin ya zama rabi, gabansa a yanke fari fat kamar an gutsuri burodi. Injin niƙa yana ruri, katafila tana tura duwatsu. Wani mai hular kwano, shugaban ma'aikatan, ya tare shi.

"Baba, ina zuwa? Nan ba hanya ba ce."

Ya yi masa bayani, sai da ya ɗaga murya saboda ƙara. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa.

"Auduga? A kan dutsen nan? Baba, wata biyu ina nan ko tsumma ban gani ba." Ya duba agogonsa. "Ƙarfe huɗu muke tayar da nakiya. In ka ji jiniya ta farko, ko me kake yi ka sauko. Kada ka ja mini magana."

Ya zagaya ta baya. Hanyar da a da yake haurawa cikin minti ashirin, da jakar Dakta a kafaɗa, yau ta ci masa fiye da awa guda. Sau huɗu yana zama. Inda mafi yawan tushen suke, wani ɗan fili tsakanin manyan duwatsu biyu, babu shi kwata-kwata, sai gaɓa da iska. Ya tsaya a bakin yana leƙen ma'aikatan can ƙasa kamar tururuwa.

Sai ya tuna akwai wasu 'yan kaɗan da suka ware kansu can gefen yamma, cikin wani tsagi, waɗanda Dakta ke kira 'yan tawaye. Ya rarrafa ya gangara. Suna nan, su huɗu. Ƙurar dutse ta rufe su har sun yi furfura, amma da ya goge ganye ɗaya da yatsa sai kore ya bayyana. Biyu ba su da komai. Biyu kuwa ƙululunsu ya bushe ya tsage, audugar ta leƙo.

Ya zauna a gabansu ya fara tsinka, kowane tushe da ambulan nasa, yadda aka koya masa. Bai yar da ko ɗaya ba.

"Huɗu suka rage, Dakta," ya ce. "Na tsagin nan. Ai kin ce su za su fi daɗewa."

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya waiga. Ba kowa sai wani ƙadangare a kan dutse. Ya ɗan ji kunya, kamar an kama shi yana wani abu. Ya ciro burodinsa da gorar ruwa, ya ci rabi. Sauran ruwan ya raba wa tushen huɗu, ko da yake ya san ba su taɓa buƙatar ruwan kowa ba, kuma ba za su kai wata guda ba. Ya yi tunanin tumɓuke ɗaya ya tafi da shi, ya gwada, ya ji saiwar ta shige cikin dutse nesa. Ya ƙyale shi.

Jiniya ta same shi a rabin hanya. Sauran gangaren da mazaunai ya yi shi, yana jan jiki, ambulan ɗin a cikin riga. Yana isa titi ƙasa ta girgiza a bayansa. Bai waiwaya ba.

Kwana uku gwiwar ta hana shi fita. Ta kumbura kamar ƙwarya, ya yi ta gasa ta da ruwan zafi shi kaɗai, yana dafa bango in zai zaga. A rana ta huɗu ya kai wa mai ajiyar iri. Ta zazzage a kan farar takarda, ta ƙirga: angurya sittin da uku. Ta dube shi, ta dubi sandar.

"Baba, kai kaɗai ka je?"

"Da wa zan je?"

Ta ce za ta shuka ashirin ta gani, sauran ta ajiye. Ta karɓi lambar wayarsa.

Mako biyu wayar tana aljihun gaban rigarsa. Ko wanka zai shiga sai ya ɗora ta a kan taga. Ranar da ta yi ƙara, tun daga sallamar ya san ba daɗi.

"Baba, ko ɗaya. Na ba su ruwa, na ba su ɗumi, na yi duk abin da littafi ya ce. Suna nan kamar tsakuwa."

Sai ya ce, "Kin yanke musu baki?"

"Na yi me?"

"Ina zuwa."

Ya same ta a ɗakin gilashi inda ake renon tsiro. Ya tono angurya ɗaya daga ƙasar, ya goge ta a riga, ya ciro abin yanke farce daga cikin makullansa. Ya ɗan ƙwanƙwashe gefen ɓawon, kaɗan, har fari ya leƙo.

"Ɓawonta tauri gare shi, ruwa ba ya shiga. A daji sai ta shekara biyu, uku, rana da dutse suna cin ta kafin ta buɗe. Dakta a mota take yi musu wannan, ni ina riƙe mata faranti. Ta gefen nan mai faɗi za ki yanka. In kika taɓa tsinin, kin kashe ta."

"Ba ta rubuta wannan ba ko'ina."

"Ai ba ta ɗauke shi abin rubutawa ba ne."

Suka zauna a kan benci suka yi wa ashirin ɗin duka. Sai mai ajiyar ta zabura, ta ce to ko tsofaffin ma ba mutuwa suka yi ba? Ta ruga ta ɗauko, suka yanka talatin daga ciki. Yinin ranar ya yi magana fiye da yadda ya yi a wata guda. Ya ba ta labarin ranar da kudan zuma suka kore su daga wani kwari, Dakta na gudu tana rungume da jaridu, da ranar da suka kwana biyu a bakin kogi suna jiran ruwa ya janye. Ta yi ta dariya har tana cire tabarau.

Tsofaffin sun mutu da gaske, ko ɗaya bai motsa ba. Amma cikin sababbin, sha ɗaya suka fasa ƙasa a kwana na shida, tara suka rayu. Ta turo masa hotonsu a waya, ya kasa buɗewa, sai mai shayi ne ya buɗe masa. Mai shayin ya duba, ya juya wayar, ya sake dubawa.

"Baba, wannan ce ta kusa karya ka? Ai ko a bayan shagona akwai irin wannan."

Ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu. Auta kuwa bai faɗa mata ba, don in ya faɗa sai ya faɗi cewa ya je. Kafin ruwan farko ya ji a bakin masu tifa cewa an gama da dutsen, injin ya koma wani wuri.

Mutum ɗaya ne a duniya zai san girman abin da ya faru. Ya daɗe da jin cewa Dakta ba ta da lafiya, tana gidan babban ɗanta, kuma ya sha cewa zai je bai je ba. Ya ajiye ƙululu ɗaya da bai bayar ba. Ya naɗe shi a hankici, ya yi tambaya har ya gano gidan.

Matar ɗan ce ta buɗe masa. Da ya faɗi ko shi wane ne, fuskarta ta saki.

"Ayya, Baba, sannu da zuwa. Muna jin labarinka wurin maigidan. Sai dai ka yi haƙuri da abin da za ka gani. Wani lokacin ko shi ba ta gane shi."

Dakta tana zaune a keken marasa lafiya kusa da taga, an rufa mata bargo a ƙafa. Ta ƙanƙance ƙwarai. Hannayen nan da ke tumɓuke saiwa sun zama kamar ƙirare. Ya durƙusa da ƙyar ya gaishe ta.

"Lafiya lau," ta amsa da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo. "Kai ne mai gyaran famfon?"

"A'a, ranki ya daɗe. Ni ne Malam. Direbanki."

Ta gyaɗa kai, idonta ya koma taga.

Duk da haka ya faɗa mata. Ya zauna a kan tabarmar ƙasa ya kwashe komai, tun daga teburin mai shayi. Ya faɗa mata an fasa dutsen, 'yan tawaye ne kaɗai ya samu, angurya sittin da uku, tara sun rayu, yanzu sun kai tsawon hannu. Ya ce yarinyar da ke ajiyar iri tana da hankali, za ta so ta. Ya kwance hankicin ya sa mata ƙululun a tafin hannu. Ta juya shi, ta ja audugar da yatsu biyu, ta kai hanci ta shinshina. Sai ta miƙa wa surukarta.

"Ungo, zubar. Yara sun shigo da datti."

Surukar ta karɓa, ta dube shi da idon ban haƙuri, ta mayar masa a ɓoye. Aka kawo masa ruwa ya sha. Ya ɗan ƙara zama, agogon bango yana tafiya. Da ya ga ta fara gyangyaɗi sai ya dafa sanda ya miƙe.

"Zan koma, ranki ya daɗe. Allah ya ƙara sauƙi."

Har ya kai ƙofa ta kira shi, da wata murya mai kaifi da ya sani sarai, wadda ya yi shekara tara bai ji ba.

"Bawan Allah! In ka fita ka ce wa direbana ya jira ni. Kada ya tafi ko'ina. Yanzu zan fito."

Ya tsaya riƙe da marfin ƙofar.

"To, Dakta," ya ce. "Zan faɗa masa."

Surukar ta rako shi har bakin gida tana ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ta koma ciki ta rufe. A jikin katangar akwai wani dakali na siminti da inuwa ta rufe rabinsa. Tasha ba nisa, kuma motar unguwarsu ba ta wuya a wannan lokacin. Amma ya zauna a kan dakalin, ya jingine sandarsa, ya ɗora hannu biyu a gwiwa, fuskarsa na kallon ƙofar. Mai tallan ruwa ya wuce, 'yan makaranta suka wuce, inuwar ta matsa ta bar ƙafafunsa a rana. Ya yi kamar rabin awa a nan. Sannan ya tashi, ya karkaɗe rigarsa, ya kama hanyar tasha a hankali.